Wai Hauwa ta shiga ajin rawar samba a Birazil, ku zo mu ji

Hauwa Bahiya:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tun jiya da na ɗora hoton nan a sitatus ake ta kira na, har da masu buga wa Hajiyarmu waya a Kano wai an ga 'yarta ta zama 'yar rawa a Birazil, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji in huta. Eh gaskiya ne na shiga ajin rawa, wata huɗu kenan, duk Talata da Alhamis bayan la'asar, a wani tsohon bene a Pelourinho, tsohuwar unguwar birnin Salvador na jihar Bahia mai titin duwatsu. Karatu na nan ban bari ba. Abin da ya kai ni kuwa, shekara guda cur na yi a garin nan daga jami'a sai ɗaki, Fotugis ɗina na takarda ne, in mai tuyar ƙosai ta yi min magana sai dai in washe baki kamar kurma. Wata 'yar ajinmu ce ta ce in dai ina son in san Bahia to in cire takalmi in biyo ta, na bi ta, shi ke nan labarin.

Anti Binta:
Innalillahi. Hauwa'u samba fa? Wannan da muke gani a talabijin mata ba kaya sai gashin tsuntsu a ka? Ke da aka tura neman digiri. Ni dai ban ce komai ba tukuna, ina jira in ji ƙarshen zancen.

Abba Kalangu:
Hhhhh Anti kin ce ba ki ce komai ba bayan kin gama cewa komai. Hauwa ki turo bidiyo kawai mu yanke hukunci.

Hauwa Bahiya:
Abba bidiyo kam ba za ka gani ba har abada. Anti Allah ya huci zuciyarki, wadda kike gani a talabijin ta bikin kanibal ɗin Rio ce, garin da ke da nisan awa biyu a jirgin sama daga inda nake, kuma ko a can ɗin masu gashin tsuntsun kaɗan ne cikin dubban mutanen da ke fareti, kyamara ce kawai ba ta ganin kowa sai su. A cikin faretin nan akwai rukunin tsofaffin mata da ake ce wa baianas, siket ɗinsu har ƙasa mai faɗi kamar laima, ga ɗankwali ga tsakiya a wuya, kuma dole ne kowace ƙungiya ta fito da su ko a rage mata maki. Wadda nake koyo sunanta samba de roda, wato ta da'ira, ita ce tsohuwar, daga garuruwan rake da taba na kewayen nan ta fito irin su Santo Amaro da Cachoeira. Dogon siket ake sawa da riga mai hannu, ni da ɗankwalina nake yi ba wanda ya taɓa kallo na sau biyu saboda rabin ajin ma ɗaure suke da kai.

Maman Ilham:
Toh ya ake yin ta? Ni tambayar gaske nake yi, don na taɓa gwada bin wani bidiyo a YouTube saura kaɗan in karya ƙugu, yara suna ta min dariya.

Hauwa Bahiya:
Maman Ilham kuskuren da na yi kenan satin farko, ina ta murguɗa ƙugu da ƙarfin tsiya, malamar ta zo ta dafa kafaɗata ta ce in manta da ƙugu kwata-kwata, aikin ƙafa ne. Akwai takun da suke kira miudinho, ƙafa ba ta barin ƙasa, jan ta kike yi ƙanana-ƙanana da sauri kamar mai murje tururuwa a tsakar gida, gwiwa a sake, daga kafaɗa zuwa sama kuma shiru kamar kin ɗauko tulu a ka, to ƙugun shi da kansa zai bi ba sai kin tura shi ba. Sai da na yi wata biyu kafin ƙafata ta daina rigima da kiɗan. Sati na uku ƙwaurina ya kumbura har ruku'u sai da dabara.

Tsarin kuma haka yake, a yi da'ira ana tafi ana amshi, mutum ɗaya ce tak ke shiga tsakiya, ta fara zuwa gaban makaɗa ta gaishe su da ƙafa, ta zaga, in ta gama sai ta je gaban wadda take so ta karɓe ta ta ɗan kai mata ciki kamar za su haɗa cibiya, ana ce masa umbigada, shi ne sallama da miƙa fili. Ranar da aka fara kawo min ni ja da baya na yi da gudu na taka mai tafi a bayana, wlh ban san gayyata ba ce na ɗauka matar ta yi tuntuɓe ne.

Abin da ya sa na kusa kuka kuwa, mun je Santo Amaro wata Asabar, wata tsohuwa da ta haura saba'in ta shiga kicin ta fito da farantin tangaran da wuƙar cin abinci, ta riƙe farantin a hannun hagu tana goga wuƙar a bakinsa, kiɗa sosai mai tsari ba wasa ba, sauran mata na amsawa. Take na tuna kiɗan ƙwarya a gidanmu ranar suna, a kifa ƙwarya a ruwa a samu 'yan sanduna shi ke nan biki ya tashi.

Abba Kalangu:
Ai na faɗa tun tuni, duk abin nan namu ne aka kwashe. Bayin da aka kai Birazil Hausawa ne, samba asauwara ce ta sha ruwan teku. Ko sunan ma ku duba, Sambo, samba. Magana ta ƙare.

Malam Na Zariya:
Abba magana ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara, zauna. Mutanen Afirka da aka sauke a Birazil sun kusa miliyan biyar, babu ƙasar da ta karɓi ko kusa da haka, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu 1888. Mafi yawansu daga Angola da Kongo aka ɗebo su, kuma can ne asalin samba ya fi karkata. Mafi yawan masana suna danganta sunan da kalmar semba ta harshen Kimbundu na Angola, wadda ke nufin wannan haɗa cibiyar da Hauwa ta gudu daga gare ta. Ba ruwan Sambo a ciki.

Hausawa an kai su, wannan tabbas ne, amma a makare kuma yawanci Bahia, musamman bayan 1804 da yaƙe-yaƙen jihadi suka sa ana kama mutane ta kowane ɓangare ana gangarawa da su bakin teku. Kuma sunan da suka bari a takardun 'yan sandan Bahia na tawaye ne. An bankaɗo shirinsu a 1807, sun tashi a 1809, sun sake tashi a 1814. Sai babban na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda ake kira tawayen Malê, daga imale, yadda Yarbawa ke kiran Musulmi. Mutum wajen ɗari shida suka fito titunan Salvador da fararen riguna da layu a wuya, aka kashe kusan saba'in a daren. Shi wannan ɗin Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa a ciki, a faɗi gaskiya, Hausawa kaɗan ne, ko da yake cikin malaman da aka kama akwai Bahaushe mai sayar da taba da ake kira Dandará. Takardun Larabcin da aka cire daga layun nan suna nan a gidan adana tarihi na jihar Bahia har yau.

To ka ga muna da abin da za mu yi alfahari da shi na gaske, ba sai mun ƙwace wa mutanen Angola rawarsu ba.

Abba Kalangu:
Malam na sallama, amma Sambo ɗin nan ban janye ba, ina nan ina bincike.

Hauwa Bahiya:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Kuma abin da zai ba ku mamaki, ni duk wannan tarihin ban fara jin sa a jami'a ba, a ajin rawar na ji. Ranar da malamar ta tambaye ni ƙabilata na ce Hausa, sai da ta sa makaɗa suka tsaya. Ta ce hauçá? Kamar shinkafar? Ashe akwai abinci a nan da ake kira arroz de hauçá, shinkafar Hausa, shinkafa ce a dafa ta luguf kusan kamar za a tuƙa tuwo, a soya busasshen nama mai gishiri da albasa a zuba a kai, wasu su ƙara miyar manja da busasshen jatan lande. Ita duk rayuwarta ta ɗauka sunan girki ne kawai, ba ta taɓa kawowa a ranta akwai mutane miliyoyi masu wannan sunan da ke raye suna hawa adaidaita ba. Ta rungume ni tana ta kiran sauran wai su zo su ga hauçá ta gaske, ni kuma na tsaya kamar kayan gidan tarihi ban san in yi dariya ko kuka ba.

Ƙosai kuma acarajé suke ce masa, akara ɗin Yarbawa ne, sai dai a manja suke soya shi kuma girmansa ya kai dunƙulen hannu, a tsaga a cusa masa kaya. Ƙarfen da ake bugawa a kiɗan mai baki biyu kamar kugen gidan sarki sunansa agogô.

Malam Na Zariya:
Wannan kalmar kuwa mu da su wuri ɗaya muka aro ta. Agogo a Yarbanci ƙararrawa ce, su suka tafi da ita ta zama abin kiɗa, mu muka ɗaura ta a hannu muna duba lokaci. Haka rigar da suke kira abadá a bikinsu, daga agbada ne, kuma farar rigar da Malê suka sa a daren nan ma sunan da ake kiranta kenan.

Abu Sumayya:
Ni duk tarihin nan na ji kuma na ƙaru, amma 'yar'uwa ina da tambaya ɗaya kuma ba don in tozarta ki ba. Na karanta cewa rawar da suke kira ta Afirka a can, da yawanta kwaikwayon abubuwan bautarsu ne na addinin gargajiyar da ake kira Candomblé, kowane gunki da takunsa da kiɗansa. In haka ne wannan ai ya wuce batun motsa jiki ko al'ada, ya shiga aƙida. Kuma mutanen da Malam ya ambata jininsu suka ba da don kada a raba su da salla, sai jikarsu ta tsallaka teku ta je tana taka rawar Shango? Ki duba lamarin nan da kyau.

Anti Binta:
Yauwa. Abin da ke cina kenan na rasa yadda zan faɗa. Bori ne fa da Turanci.

Maman Ilham:
Anti da Fotugis dai hhh

Hauwa Bahiya:
Malam Abu Sumayya tambayarka a kan hanya take kuma ban ji haushi ba, don ni ma sai da ta hana ni barci. Gaskiya ne abin da ka karanta. Aji biyu ne a wurin, samba de roda daban, dança afro, wato rawar Afirkan da ka ambata, daban, kuma a na biyun akwai ranakun da ake koyar da takun orixás, wato abubuwan bautar nasu. Na Oxum za ki ga mace na yi kamar tana wanka a rafi tana duba madubi tana gyara awarwaro, na Ogum hannu kamar adda yana sara hanya, na Iansã kamar guguwa tana kore abu da hannu. Anti ba ta yi nisa da gaskiya ba, duk wanda ya taɓa ganin yadda kowane iska ke da kiɗansa da tafiyarsa a wurin 'yan bori zai gane tsarin nan take.

Ranar farko ban san me ake yi ba na bi sahu, sai da aka yi nisa malamar ta fara bayani, jikina ya yi sanyi. Bayan an tashi na same ta na ce ni Musulma ce ba zan iya wannan ɓangaren ba, ina jiran ta ɓata rai, sai ta ce ai ba ni ce ta farko ba, tana da ɗalibai 'yan coci masu tsanani da su ma ba sa yi. Ta ce abin da take koyarwa a aji ba ibada ba ne, ibada a terreiro, wato gidan bautarsu, ake yin ta da shirinta da mutanenta, amma ba za ta yi min ƙarya ta ce takun ba daga can ya fito ba. Wannan gaskiyar da ta faɗa min ita ta sa na zauna. Yanzu in ranar orixás ce ina zama a benci in kalla in rubuta, in an koma samba ko takun blocos, wato ƙungiyoyin kanibal, in tashi. Na kuma kai maganar gaban limaminmu na nan, don akwai ɗan masallaci a unguwar Nazaré da muke Juma'a, abin da ya ce min tsakanina da shi ne, ban zo nan in ba kowa fatawa ba. Iyakar da na ja wa kaina kenan, wata za ta ja tata a gaba da tawa, wata a baya.

Abu Sumayya:
Na gode da ba ki ɓoye ba. Ni dai har yanzu da ƙanwata ce zan ce ta bari duka, makaɗan ma ai maza ne na tabbata. Amma na ji daɗi da kika san inda ramin yake. Allah ya tsare.

Hauwa Bahiya:
Amin. Ɗaya namiji ne ɗaya mace, tunda ka tambaya.

Ɗan Nima:
Ku ba mu wuri mu mutanen Ghana mu ma mu sa baki. Bayan wannan faɗan na 1835 da Malam ya faɗa, gwamnatinsu ta kori mutane da yawa, wasu kuma suka biya jirgi da kansu suka dawo. Waɗanda suka sauka Accra a 1836 su ne Tabom, sunan ya fito daga tá bom da suke yawan cewa, wato ya yi kyau. Gidansu na nan a Jamestown ana ce masa Brazil House, shugaba Lula na Birazil ma ya zo ya gana da su a 2005. Teloli ne ƙwararru da masu haƙa rijiya, da yawansu Musulmi suka dawo. Azumah Nelson ɗan damben nan jininsu ne. Na wuce gidan ya fi sau ɗari a tiroto, motar hayarmu, ban taɓa shiga ba sai da wani baƙo daga Birazil ya roƙe ni in raka shi, kunya ta kama ni ranar.

Bala Agege:
Mu ma a Legas akwai su, Aguda ake ce musu, unguwarsu na cikin Ailan, wato tsibirin Legas, wajen Campos, za ka ji sunaye irin su Da Silva da Da Rocha da Pereira a bakin Bayarabe. Suna da kanibal ɗinsu na Fanti, kuma ranar Juma'ar Ista suna dafa wake da madarar kwakwa suna ce masa frejon. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 ma magini ɗan dawowa daga Birazil ne ya gina shi. Na yi shekara goma sha biyu ina kai kaya Ailan ban haɗa wannan da wancan ba sai yau da Hauwa ta taka ƙafar mutane.

Maman Ilham:
Toh ni abin da ban gane ba, in a Bahia aka haife ta ya aka yi Rio ta ƙwace sunan?

Malam Na Zariya:
Ci-rani ne ya kai ta. Wajen ƙarshen bauta mutanen Bahia da yawa suka gangara Rio neman aiki, lokacin ita ce babban birni, suka taru a unguwannin bakin tashar jirgin ruwa. Cikinsu akwai wata mai sayar da kayan zaƙi 'yar Santo Amaro, Tia Ciata, a tsakar gidanta kusa da Praça Onze makaɗa ke haɗuwa, don a titi 'yan sanda na iya kama baƙin mutum da tambari a hannu a ce zaman banza yake, dokar 1890 ta ba su wannan damar, ita ce kuma ta haramta capoeira, wasan faɗansu mai kama da rawa. Daga irin wannan zaman aka yi rajistar waƙar da ake ɗauka samba ta farko da ta yi suna a faifai, a 1916. A 1928 aka kafa Deixa Falar a unguwar Estácio, ita ake kira makarantar samba ta farko, ko da yake ba makaranta ba ce mai allo, ƙungiyar unguwa ce. Zamanin shugaba Getúlio Vargas a shekarun 1930 gwamnati ta ga abin na tara jama'a sai ta rungume shi ya zama tambarin ƙasa. Filin faretin da Anti ke gani a talabijin, Sambódromo, sai 1984 aka gina shi. Abin da aka kama kakanni a kansa yau tikitinsa ya fi ƙarfin jikokin da yawa.

Hauwa Bahiya:
Wannan maganar ta ƙarshe Malam, a nan Salvador ma ana yin ta sosai. Ƙungiyar Ilê Aiyê da aka kafa a 1974 a unguwar Liberdade, dalilin kafa ta kenan, manyan ƙungiyoyin kanibal na lokacin ba sa ɗaukar baƙaƙe, a garin da baƙaƙe suka fi yawa fa. Olodum ta biyo baya a 1979, su ne masu manyan gangunan nan masu launi da ke Pelourinho, in suna gwaji har cikin haƙarƙari kake jin surdo, babbar gangarsu. Akwai kuma Malê Debalê a Itapuã, ita ma 1979, sunan mutanen daren nan na azumi ta ɗauka. Na je gwajinsu sau ɗaya, ɗaruruwan masu rawa, yawancinsu ba Musulmi ba ne, ba su san Fatiha ba, amma ka tambayi yarinya 'yar shekara goma a wurin me ya faru a 1835 za ta faɗa maka tiryan-tiryan. Ni da na yi firamare da sakandare a Kano ba wanda ya taɓa ambata min shi ko sau ɗaya.

Anti Binta:
Hmm. Ni dai Hauwa'u ban ce na yarda ba. Amma zan kira Hajiya in ce mata siket ɗin har ƙasa ne kuma ba gashin tsuntsu, don tun safe take kuka. Ke kuma ki kira ta da bakinki yau ɗin nan kar ki bari sai gobe. Sannan wannan shinkafar da aka sa mata sunanmu, naman kamar kilishi ne ko kamar banda?

Hauwa Bahiya:
To Anti, da na idar da magariba zan kira ta in sha Allah, ku kun riga mu da awa huɗu kar ta yi barci dai. Naman ba ko ɗaya ba ne, gishiri ne jibge a jikinsa sai an jiƙa shi ya kwana ana canza ruwa, ba yaji ba ƙuli. Ni ban ci na waje ba saboda yanka, na gwada a ɗaki da kilishin da kika aiko min, malamar ta ɗanɗana ta sha ruwa kofi uku tana fifita baki.

Abba Kalangu:
Dakata. Anti ta aika miki kilishi har Birazil, ni ina nan Hotoro ko ƙyalle ban gani ba?

Anti Binta:
Kai je ka nemo Sambo tukuna.